Teburin Mai Shayi Ya Ishe Ku Lokeshin

Ƙannena masu son fara shirin barkwanci a YouTube,

A 'yan shekarun nan da wuya wata ya shuɗe ban haɗu da wasu samari da ke shirin fara fim ɗin barkwanci mai dogon zango ba. Galibi su huɗu ne ko biyar, 'yan unguwa ɗaya. A cikinsu akwai mai waya mai kyau, akwai wanda ya ɗan iya editin, akwai kuma wanda duk majalisa ta shaida in ya buɗe baki sai an riƙe ciki. In na tambaye su abin da ya hana su farawa, amsar ɗaya ce, kuɗi. Suna jiran kyamara, suna jiran wani alhaji ya ɗauki nauyinsu, suna jiran a ara musu gidan bene da mota mai baƙin gilashi. Amma da zarar na ce su ba ni labarin kashi na farko, sai a shiga kallon-kallo. A nan nake gane cewa ko yau aka sauke musu buhun kuɗi, gobe ba su da abin ɗauka.

Ina son wannan sana'a, ina kuma son ku daɗe a cikinta, shi ya sa zan faɗa muku abin da nake gani ba tare da rufa-rufa ba.

Ku dubi waɗanda suka ba iyayenku dariya. Marigayi Usman Baba Pategi, wanda duniya ta sani da Samanja Mazan Fama, soja ne kafin ya zama ɗan wasa. Hausar bariki da yake yi a rediyo da talabijin na Kaduna, da tsawar nan, da yadda yake cakuɗa Hausa da Turanci, duk a bariki ya ji su da kunnensa shekara da shekaru. Marigayi Rabilu Musa Ibro, ɗan garin Ɗanlasan, ya yi aikin gandiroba kafin camama ta ɗauke shi, ya zauna da mutane iri-iri a wurin da halin ɗan Adam ke fitowa fili. Har ya rasu a 2014 ba a daina mamakin yadda yake shiga rigar talaka mai wayon banza ta zauna masa daidai ba. Kasimu Yero da Ƙarƙuzu ma haka. Kayan aikin da suka yi amfani da su, wayar da ke aljihun ɗayanku yanzu ta fi su fitar da hoto tas. Abin da suke da shi wanda ya yi wa yawancinku ƙaranci shi ne sanin mutum, yadda yake tafiya, abin da yake ɓoyewa, ƙaryar da yake yi wa kansa kowace safiya.

Don haka aikin farko ba ya cin ko sisi. Ɗayanku ya sayi ƙaramin littafi da biro, ya je teburin mai shayin unguwarku ya zauna mako guda, safe da dare, ya yi shiru ya saurara. Zai ga mai shayin da ke rantsuwa kullum cewa daga yau ya daina ba da bashi, kafin hantsi kuma ya buɗe sabon shafi a littafin bashin. Zai ga tsohon masinja da ya yi ritaya, wanda ke warware siyasar Amurka da Rasha daga labarin da ya ji rabi a rediyo, kuma ba a isa a gyara masa ba. Zai ga saurayin da ya yi wata uku a Legas ya dawo yana nuna Hausa ta fara kufce masa. Zai ga mai Adaidaita Sahu da ke lissafin balas a bayyane don kowa ya ji irin wahalar da yake sha, alhali ƙwai uku ya sa a soya masa. Waɗannan mutum huɗu sun isa zango guda. Kowannensu yana da abin da yake nema ido rufe, yana kuma da wani hali da ke hana shi samu, kuma dole gobe su sake haɗuwa a benci ɗaya. Mai shayi yana son kuɗinsa amma yana tsoron a ce ba shi da mutunci. Tsohon masinja yana son a girmama shi amma shi ya fi kowa yawan bashi. Ku sa baƙo ɗaya ya zo ya zauna a tsakaninsu, ko ku sa littafin bashin ya ɓace dare ɗaya, ku ga abin da zai faru. Ba sai kun nemo abin dariya daga waje kun liƙa ba, halayen ne za su yi ta karo da juna suna haifar da shi.

Wannan shi ne sirrin shirye-shiryen da ke daɗewa. Gidan Badamasi, wanda Falalu Ɗorayi ya ba da umarni, ya tsaya ne a kan dattijo mai dukiya da tarin 'ya'yan da kowannensu ya ƙyalla ido a kan abin hannunsa. Mai kallo yana dawowa ne don ya riga ya san halin kowa, yana ɗokin ganin yadda wane zai yi in abu kaza ya same shi. A Fatakwal, Mark Angel ya gina tasharsa da ƙaramar yarinya Emanuella a tsakar gidan haya da lungunan unguwa, kuma a 2017 tashar ta kai mabiya miliyan ɗaya. A Amurka ma, Issa Rae ta fara shirinta a YouTube a 2011 tare da abokanta, a kan budurwar da kullum take rasa yadda za ta yi da mutane. Da kuɗi suka ƙare mata a tsakiyar zango, masu kallo ne suka yi mata karo-karo ta intanet ta ƙarasa, kuma a 2016 tashar HBO ta fara nuna sabon shirinta. Mutane sun zuba kuɗinsu ne saboda sun riga sun shaƙu da halittar da ta ƙirƙira.

Ɗaukar shiri a wuri ɗaya kuma rahama ce ga mai ƙaramin ƙarfi. Babu kuɗin motar kwashe jama'a daga Kabuga zuwa Hotoro, babu roƙon masu gida, babu zaman jiran wanda ya yi alkawarin aron mota ya kashe waya. Kun san inda rana ke fitowa a wurin, kun san lokacin da hayaniya ke lafawa. Sai dai ku nemi iznin mai wurin da na mai unguwa tun kafin ranar ɗauka, ku kuma sayi shayin mutumin da kuka tare wa ciniki.

Sai rubutu, inda na fi ganin ana faɗuwa. Akwai wata magana da ke kashe shiri tun yana cikin ƙwai, wato "za mu yi ta a lokeshin". Na taɓa bin wasu yara wurin ɗauka, na ga an kafa waya a kan sanda, jarumai uku sun tsaya, darakta ya ce, "To, kai ka zo karɓar bashi, kai kuma ka ƙi biya, ku ba mu dariya." Aka yi minti ashirin ana ihu, kowa yana hawa kan maganar ɗan'uwansa, masu riƙe kaya suna ta ƙyaƙyatawa. Da aka kai wa edita, ya rasa inda zai yanka, don babu farko, babu inda aka dosa. Na san za ku ce ai 'yan camama na da a nan take suke ƙirƙirar magana. Gaskiya ne, amma sun yi shekaru a dandalin wasan kwaikwayo da ƙungiyoyin dirama kafin su tsaya gaban kyamara, sun san lokacin da ake jefa magana da lokacin da ake yin shiru. Ku da kuke farawa, ku rubuta. Kowace fitowa a san wanda ya shigo, me yake nema, me ya tare shi, da kuma kalmar da za a rufe da ita. In ɗan wasa ya zo da abin da ya fi na takarda daɗi, a ɗauka da nasa, amma bayan an ɗauki na takardar.

In kun gama rubutu, ku karanta shi da ƙarfi a gaban wanda ba ya jin kunyarku. Abokanku za su yi dariya don suna ƙaunarku. Ku nemi yayarku da ke tsakiyar aikin gida, ko wani dattijo da bai san ku sosai ba. Inda fuskarsu ba ta motsa ba, ku soke, ko da ku kun fi son wurin. Kada kuma ku ja labarin minti takwas ya zama minti arba'in don an ce muku dogon bidiyo ya fi kawo kuɗi. Mai kallonku da datarsa yake kallo, datar da ya saya da guminsa, kuma babban yatsansa na kan waya. Gaisuwar minti biyu a ƙofar gida, da nuna mutum yana tafiya daga bakin titi har cikin zaure, duk suna cinye masa kuɗi ba tare da sun ba shi komai ba.

In akwai 'yan kuɗin da kuka tara, sauti za ku fara saya wa. Mutane za su haƙura da hoton da bai fita sosai ba, amma ba za su zauna suna cewa "me ya ce?" ba, kuma barkwancin Hausa rabinsa a harshe yake, a karin magana da habaici da yadda aka ja wasali. Kalma ɗaya ta ɓace, dariyar ta tafi da ita. Ƙaramin makirfon da ake maƙalawa a wuyan riga ya fi muku sabuwar waya amfani. In babu, ku sa wata wayar a aljihun gaban rigar ɗan wasa tana naɗar murya, a tafa hannu sau ɗaya a farkon kowace ɗauka don edita ya sami inda zai haɗa sauti da hoto. Janareta a kai shi can bayan katanga da doguwar waya. Mutum ɗaya ya sa abin ji a kunne, ba shi da wani aiki sai saurare, kuma a ba shi ikon tsayar da ɗauka in babur ya wuce ko injin markaɗen maƙwabta ya tashi. Ku tsara aikinku da lokutan salla tun daga gida, don kada kiran salla ya same ku a tsakiyar fitowa a shiga gaggawa.

Haske kuwa Allah ya hore mana shi kyauta. Daga fitowar rana zuwa hantsi, sannan daga la'asar zuwa gab da magariba, fuska tana fita da kyau. Rana tsaka tana zuba inuwa a cikin ido, sai ku koma ƙarƙashin rumfa ko bishiya. Farin kwali ko farin zane ya isa ya maido haske kan fuska. A kwantar da wayar a kaikaice, a kafa ta a kan abin da ba ya rawa, a goge gilashinta, musamman da hunturu, a kuma rufe layinta don kada kira ya shigo ya katse ɗauka. Duk abin da aka ɗauka a kwafe shi wuri biyu a daren ranar, kafin kowa ya kwanta.

Editin shi ne wurin da ake sake rubuta barkwanci. Magana ɗaya, in aka yanka da wuri ta mutu, in aka bar ta ta yi tsawo ta yi sanyi. Sau da yawa dariyar tana kan fuskar wanda aka gaya wa maganar, don haka ku riƙa ɗaukar fuskar mai saurare ko da bai ce uffan ba. Ku rage dariyar gwangwani da ƙarar nan ta "ɗoing" da ake zubawa bayan kowace jimla, domin mai kallo yana jin kamar ana umartar sa ne ya dara. Kiɗa kuma kada ku ɗauko na fim ɗin Indiya ko waƙar wani mawaƙi ba da izni ba. YouTube na da na'urar da ke gane sautin da ke da mai shi, sai kuɗin tallan bidiyonku ya koma aljihun wani, ko a toshe bidiyon. In aka kai ƙararku har gargaɗi ya kai uku, ana iya rufe tashar baki ɗaya. A unguwarku akwai yaron da ke haɗa kiɗa a situdiyo yana neman wanda zai ji aikinsa, ku je ku same shi.

Kada ku saki kashi na farko sai kuna da biyar ko shida a ajiye. Tashoshin da suka mutu a kashi na uku ba su ƙirguwa, kuma dalilin kusan ɗaya ne. An saki na farko da zumuɗi, aka shiga neman na biyu a guje, sai jarumi ya tafi bautar ƙasa, ko jaruma aka sa mata rana, ko damina ta sauka. In wurin ɗaukarku ɗaya ne, kwana uku ko huɗu a jere sun isa ku ɗauki zango guda, muddin akwai mai rubuta rigar da kowa ya sa a kowane kashi. Sannan ku zaɓi rana da lokaci ku riƙe su kamar alkawarin bashi. Izzar So na Lawan Ahmad da Labarina na Aminu Saira, waɗanda suka fito a 2020, ba barkwanci ba ne, amma sun koya wa masu kallon Hausa jiran ranar shiri a YouTube, daga Kano har Yamai, Kumasi da Jidda. Wannan ɗabi'a ta jira, gado ce da kuka tarar, ku yi amfani da ita.

Maganar kuɗin YouTube, gara ku ji ta yadda take. Kafin a fara raba kuɗin talla da ku a kan dogayen bidiyo, sai tasharku ta sami mabiya 1,000, an kuma kalle ta na awa 4,000 a cikin wata goma sha biyu. Bayan nan kashi 55 cikin ɗari na kuɗin tallan ne naku, kuma ba a turo shi sai ya taru ya kai dala 100. Tallan da ake nuna wa mai kallo a Nijeriya ko Nijar bai kai wanda ake nuna wa na Ingila ko Amurka tsada ba. Ga kuma masu tura finafinai a waya a bakin kasuwa, waɗanda za su yaɗa aikinku lungu-lungu ba tare da ko kwabo ya zo hannunku ba. Saboda haka kada wanda ya bar makaranta ko ya rufe shagonsa saboda wannan. Kuɗin farko da za ku gani ya fi yiwuwa ya fito daga mai shagon atamfa ko mai gidan abincin unguwarku da zai so a ambaci sunansa. Ku karɓa, amma ku saka tallan cikin hikima, kuma kada ku tallata maganin da ba ku san abin da ke cikinsa ba, don mutane za su sha shi ne saboda sun yarda da fuskokinku.

Tun kafin kuɗin su zo, ku zauna ku rubuta yarjejeniya. Na ga abokan da suka tashi tare tun suna makarantar allo sun daina gaisawa saboda wannan. Da imel ɗin wa aka buɗe tashar? Asusun wa kuɗi zai riƙa shiga? Nawa ne kason marubuci, nawa ne na edita, nawa ne na mai wayar da ake ɗauka da ita? In ɗaya ya fita, da me zai tafi? A lokacin da babu ko sisi, kowa zai ce haba, ai mu 'yan'uwa ne, kuma a lokacin ne ya fi sauƙi a rubuta, don babu abin da ake ja a kai. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, to babu abin kunya a takarda tsakanin aminai. Wanda kuma ya zo ya taya ku aiki kyauta, ku ciyar da shi, ku ba shi kuɗin mota, ku rubuta sunansa daidai a ƙarshen shiri. In ba za ku iya biya ba, ku faɗa masa tun farko. Kada ku ce "za mu sallame ka" alhali kun san babu.

Akwai abin da ya fi duk waɗannan damuna, shi ne wanda kuke sa a yi wa dariya. Mu mutane ne masu wasa tun asali. Akwai wasan jika da kaka, akwai na taubasai, akwai na Fulani da Barebari, na Kanawa da Zagezagi, na Gobirawa da Yarbawa. Akwai 'yan kama da ke kwaikwayon malamai da waƙar abinci, akwai tashe da yara ke yi da azumi suna tsokanar marowaci da gwauro. Amma ku lura, a wasan Bafillace da Babarbare kowa yana da bakin ramawa, kuma ana tashi ana dariya tare. Wanda ya sa gurgu ko mai in'ina ko mai taɓin hankali a gaban kyamara don a yi wa halittarsa dariya, ya fita daga wannan al'ada, domin wanda ake yi wa ba shi da hanyar ramawa. Haka mai ɓoye kyamara ya firgita tsohuwa a hanya, ko ya wulaƙanta almajiri, sannan ya watsa wa duniya ba da saninsu ba. Abin da aka ɗora a intanet ba ya gogewa, yaron da kuka sa ya yi abin kunya yau zai girma ya tarar da shi. In za ku sa yaro a shiri, ku nemi yardar iyayensa, kada kuma ɗauka ta ci lokacin makarantarsa.

Mata ma ku duba yadda kuke rubuta su. Na gaji da ganin mace iri biyu kawai, mafaɗaciyar matar gida da budurwa mai son abin duniya. Duk wanda ya taɓa zama kusa da tsakar gida ranar suna ya san irin barkwancin da ke bakin mata, habaicin da sai an kwana ake gane inda ya dosa. Ku jawo 'yan'uwanku mata cikin rubutun, za su ba ku abin da ba za ku taɓa ji a majalisa ba. Wadda kuma ta amince ta fito a shirinku, ku kare mata mutuncinta a wurin aiki, a tashi da wuri, a san yadda za ta koma gida, domin abin da za a faɗa a kanta a gari ya ninka abin da za a faɗa a kanku.

In a Kano kuke, ku san da Hukumar Tace Finafinai, wadda aka kafa a 2001. Kasancewar shiri a YouTube bai fitar da shi daga idonta ba, don a 2025 ta dakatar da shirye-shirye 22 masu dogon zango a lokaci guda, har da manya, a kan batun kai su a tace kafin a saki. Ku je ofishinsu da ƙafarku ku tambayi ƙa'ida tun kafin ku fara. Ku kuma yi hattara da kama sunan wani mutum na zahiri ku jingina masa abin da ba za ku iya tabbatarwa ba. Za ku iya tsokanar halin ɗan siyasa mai alkawarin ƙarya son ranku ta bakin tsohon masinjan nan na teburin shayi, kowa zai gane, kuma ba wanda zai kai ku kotu.

Ranar da kuka saki kashi na farko, za ku so ku kwana kuna duba adadin waɗanda suka kalla. Ku ajiye wayar. Ku ɗauki shirin ku kai shagon mai cajin waya ko wata majalisar da ba taku ba, ku kunna musu, ku koma gefe inda kuke ganin fuskokinsu. Ɗayanku ya riƙe littafin nan da ya fara zuwa teburin mai shayi da shi, ya rubuta minti na nawa aka fara dariya, wace magana aka maimaita bayan an ji ta, a ina wani ya zaro tasa wayar ya fara dannawa, wane ɗan wasa aka tambayi sunansa. Da wannan shafin za ku zauna ranar da za ku fara rubuta zango na biyu.